Hawayen Man Zafi a Filin Kurket

Ko da tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da na koma tsohuwar ƙungiyarmu ta kurket ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa.

Bari in yi ɗan bayani, don na san Bahaushe da kurket sai a hankali. Mutum ɗaya ne zai rugo da gudu ya jefa ƙwallo mai taurin goriba, wani kuma yana tsaye da faffaɗar sanda yana kare wasu itatuwa uku da aka kafa a bayansa. Ni majefi ne. A makarantar kwana a Zariya na koya, a hannun wana, Yaya Bala. Filinmu yana bayan ɗakin cin abinci, a shimfiɗa doguwar tabarma a tsakiya, dalbejiya ta kewaye mu. Da damina in an yanke ciyawa, ƙamshinta kaɗai ya isa ya hana ni zaman aji. Yaya Bala zai tsaya da sanda yana min tsawa, ni kuwa ina jifa har sai an kira magariba.

Da na ƙetare teku na zo birnin Greensboro a jihar Carolina, sai rayuwa ta haɗiye wannan duka. Aikin sito, tuƙa motar ɗaga kaya, aure, 'ya'ya. Shekaru suka shuɗe ban taɓa ƙwallo ba. Sai wata rana ina hanyar McLeansville zan duba ragon layya a wata gona, gilashin mota a sauke, na ji wata ƙara daga bayan bishiyoyi: ƙwas! Ƙarar sanda ce ta haɗu da ƙwallo. Wallahi ban san lokacin da na taka birki ba. Na tarar da 'yan Pakistan da Indiyawa da mutanen Jamaika sanye da fararen kaya. Shugabansu wani dattijo ne mai furfura a gemu, Kyaftin Rashid. Ya dube ni da jallabiyata da silifas, ya miƙo min ƙwallo. Da na jefa, sai na ji kamar an dawo min da wata jaka tawa da ta ɓace tun a filin jirgin Kano. (Ragon kuwa wani ya riga ni saye.)

Na zama ɗan gida. Har na jawo abokina Sadiku, wani Bakano mai tuƙa tasi, na koya masa. Duk Lahadi muna can.

Sai ga 'yan tawaye. Wasu matasa suka yi rigima da shugabannin gasar da muke bugawa, suka ɓalle suka kafa tasu a wajen birnin Charlotte. Riguna masu launi, sunanka a baya, kuma ana nuna wasa a intanet. Wannan na ƙarshen shi ya kama ni. Na riƙa hango mutanen gida a Tudun Wada sun taru a kan waya suna cewa, “Ga shi can, ɗanmu ne!” Kyaftin Rashid ya ja mu gefe, ni da Sadiku, ya ce a kan siminti suke jifa, wasa na bin wasa babu hutu, kuma ƙafafunmu ba na samari ba ne. Ya ƙara da cewa duk wanda ya tafi, to ya tafi ke nan. Muka yi masa godiya irin ta wanda ya riga ya ɗaure kayansa.

Simintin bai ɓata lokaci ba. Jijiyar bayan cinyata ta dama ta tsinke tun ba a je ko'ina ba. Likita ya ce in huta, na huta rabin abin da ya ce. Ta warke, ta dawo, ta sake warkewa, ta sake dawowa, kamar zazzaɓin damina. Shi kuwa Sadiku kafaɗa ce ta tafi, har kabbarar salla sai ka ga hannu ɗaya ya kai kunne, ɗayan ya tsaya a ƙirji yana jiran izini. Nunin intanet ɗin ma, ashe waya ɗaya ce aka ɗaure a jikin sanda can nesa. Yaya Bala ya ce ya duba, bai ga komai ba sai wasu ɗigo-ɗigo suna motsi kamar tururuwa. Daga baya masu gasar suka yi faɗa a tsakaninsu, abin ya watse, aka bar mu da riguna masu sunanmu.

Lahadi ta koma min ranar makoki. In zauna a falo a unguwarmu ta Glenwood ina kallon ɗalibai suna wucewa a kan kekuna, hannuna yana juya lemo kamar ƙwallo. Ba wasan kaɗai nake kewa ba. Filin nan na McLeansville shi ne wuri ɗaya a duk ƙasar nan da nake rufe ido in ji ni a gida. Rannan matata Rakiya ta gaji ta ce, “Baban Amina, don Allah ka je ka ba dattijon nan haƙuri. Tsakinka ya ishe ni, kuma ka lalata min lemo.”

Muka je ni da Sadiku, kai a ƙasa. Kyaftin ya saurare mu bai yi murmushi ba. Ya ce mu zo ranar Lahadi, zai ga abin da siminti ya rage.

A nan ne na yi wautar farko. Bayan sallar Juma'a bakina ya ƙi rufuwa, na shaida wa jama'a cewa gwani zai dawo fage. Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Maraɗi da kowa ke girmamawa, mai yawan sirka Hausarsa da Faransanci, ya ce, “Bon, za mu zo mu ga wannan balo ɗin naku da ake yi da itace.” Ai kuwa suka zo. Motoci suka cika gefen titi, mata da kuloli na zoɓo da fanke, Alhaji da kujerarsa ta naɗewa. Rakiya kuma ta shirya kiran bidiyo da Zariya. Yaya Bala yana kwance tun bara da shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ma da ƙyar take fita, kuma rabon da ya ga jifana ido da ido tun muna makaranta. Na ƙudurta a raina ko ƙafar za ta cire, sai ya gani.

Matsalar ita ce tun da safe cinyar take ja na. Sai na laɓe a bayan mota na fito da man zafi, irin mai ƙarfin nan da ake kawo mana tsaraba daga gida, na lafta shi da hannu biyu kamar mai yaɓen ɗaki. Rakiya ta hango ni ta ce in wanke hannu. Na ce to. (Duk mai aure ya san irin wannan “to” ɗin.) Aka kira mu fili, na ruga.

Zafin bazarar Carolina ba ya wasa. Kafin a zo kaina gumi ya rufe min fuska, na sa tafukan nan biyu na share, har cikin ido.

Jama'a, na ga wuta. Idanuna suka kama ci kamar an zuba musu barkono, hawaye suka ɓalle, hanci ya bi sahu. Daidai lokacin ne Kyaftin Rashid ya tako ya miƙo min ƙwallo. Ya tsaya. Ya dube ni ina zubar da hawaye shaɓe-shaɓe, sai na ga fuskar dattijon nan ta narke. Ya kama hannuwana biyu ya riƙe gam, ya rungume ni, sannan ya ɗaga murya da Turanci yadda kowa zai ji: “Ku dubi mutumin nan! Ya tafi, ya dawo, ga nadama tana zuba daga idonsa. Wannan shi ne son ƙungiya. Na yafe maka, ɗan'uwana, na yafe!”

Aka ɗau tafi. Wani ɗan Jamaika ya cire hula. Daga gefe na jiyo Alhaji Mamman yana cewa, “Allah sarki, yaro mai tsoron Allah.” Sadiku, da ya ga abin yana ci, shi ma ya sunkuyar da kai yana murza ido. To ku gaya min, a wannan hali wa zai buɗe baki ya ce man zafi ne? Na gyaɗa kai kawai ina shessheƙa, na karɓi yafiyar da ban yi guminta ba.

Na koma baya don in ɗauko gudu. Itatuwan uku sun zama shida a idona, mai sandar kuma ya zama farin hayaƙi. Na ce bismilla na rugo. Ina daf da sakin ƙwallo sai na ji cinyar ta ce ɗas, kamar an tsinke tsirkiya. Ƙafa ta tafi gabas, ni na tafi yamma. Na rungumi alƙalin wasa muka zube tare a kan wasu itatuwan uku da ake kafawa a ɓangaren majefi, ƙwallon kuwa ta tashi sama ta nufi 'yan kallo, ta faɗa tsulum cikin kular zoɓo.

Sai Alhaji Mamman ya miƙe, farar rigarsa duk jan zoɓo, ya ɗaga hannu ya ce, “Wala! An ci ke nan?” Mutanenmu suka kaure da tafi da guɗa, su a ganinsu gol na zura.

Ina kwance ina riƙe da cinya, Kyaftin ya iso. Na ɗaga kai, sai na ga shi ma idanunsa sun yi jajir, hawaye na bin gemunsa. Ashe bayan ya gama jawabi ya share ƙwallar tausayi da hannun da ya riƙe nawa. Ya kai tafinsa hanci ya shinshina. Ya dube ni. Kafin in ƙirƙiro wani abu, muryar Rakiya ta ratso fili, da Hausa sannan da Turanci don kada wani ya rasa rabonsa: “Man zafi ne! Sai da na ce masa ya wanke hannu!”

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. A kan teburin fanke aka ɗauke ni zuwa inuwa, Kyaftin na biye ana zuba masa ruwan gora a ido, yana faɗin wasu kalmomi da yarensu waɗanda ban nemi fassararsu ba.

Sai Rakiya ta miƙo min waya. Na manta sam da Zariya. Ga Yaya Bala a kan gado, an jingina shi da matashi, ya rame har na so in kasa gane shi, yana dariya da rabin fuskarsa, kafaɗarsa na girgiza. Matarsa ta leƙo ta ce rabonsa da dariya tun ranar da ya faɗi. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

“Ƙafar hagu,” ya ce. “Kana... sauke ta a karkace. Har yanzu. Ɗan banza.”

Nan fa kuka na gaskiya ya zo min, wanda ba na barkono ba. Na kifa kai na yi shi sosai, don na san ni da shi ba za mu sake tsayawa a fili ɗaya ba. Sadiku ya dafa ni ya ce, “Kai dai ka bar taɓa idon nan mana.” Wata Hajiya ta kawo sabulu. Duk filin nan babu wanda ya yarda da hawayena na biyu, kuma ban ga laifinsu ba.

Kyaftin bai janye yafiyarsa ba, ya ce magana ta riga ta fita a gaban shaidu. Amma jifa kam na bar shi, likita da cinya sun haɗa baki. Yanzu ni ne alƙalin wasa, ina tsaye da farar hula duk Lahadi, kuma har sababbin 'yan wasa da ba su san labarin ba suna kira na Man Zafi, sun ɗauka sunan yanka ne.

Abin da na koya bai da yawa. Zuciya tana iya zama 'yar makaranta har abada, amma cinya tana da takardar haihuwa. Sannan duk wanda zai tuba a bainar jama'a, to ya fara wanke hannu da sabulu.