Ƙwallon da Ya Ƙi Tsirowa

"Lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Kai fa, ina gajiya, mai gasa mangwaro?"

"Gajiyata ai ke ce, amarya."

Haka suka fara, uwata da ɗana, ni kuwa ina gefe ina tsince ruɓaɓɓen mangwaro. Ƙuda sun ishe ni, su biyun ma sun ishe ni. Ɗan nawa direba ne a kamfanin da ke fitar da mangwaro ƙasar waje. Can ba sa karɓa sai an bi da shi ta cikin wani inji mai haske irin na hoton ƙashi a asibiti, ya kashe tsutsar ciki. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda a sayar wa kamfanin ba, suka yi takarda, tsohuwa ta dangwala yatsa. Sau biyu yaron yana zuwa lambunta yana komawa da mota wayam. Manaja ya ce in ya yi na uku, ya ajiye makulli.

"Amarya, ki bari in loda. Dubi yadda yake zuba a ƙasa."

"A ƙasata yake zuba. Angon da ko zane bai taɓa saya min ba, yau shi ne da mota a ƙofata?"

"Wa zai saya wa mai haƙori uku zane? Ke da ko mangwaron sai an matse miki a kofi."

"Ukun nan sun ci abin da talatin ɗinka ba su ko sansana ba. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Tela ya ce duk wanda ya sha mangwaronku, tumbinsa haske yake kamar fitila."

"To ki sha biyu, mu huta da sayen batir. Shi telan, bishiya nawa gare shi?"

"Ko ɗaya."

"Mai wanki fa, da ya fi kowa ɗaga murya a taro?"

"Shi ma haka."

"Kin gani? Cinikin biri a sama. Su ke ihu, naki ke ruɓewa."

"Rufe min baki, ɗan ƙwal uba. Ka ɗauka na yarda da zancen tela? Mutumin da ko wuyan riga bai iya fitarwa daidai ba?"

"To mene ne? Wallahi na gaji. A yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda mana."

A nan tsohuwa ta jawo sandarta. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta je bayan rijiya ta dawo da gwangwanin madara cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta dire shi a gabansa.

"Ka tuna wanda ka kawo min daga injinku, ka ce in ɗanɗana?"

"Kika ce ya yi zaƙi."

"Ya yi. Ƙwallonsa ne a nan. Kwana arba'in ina ba shi ruwa safe da yamma. Tona ka gani."

Ya sa yatsa ya tono. Ƙwallon ya yi baƙi, ba saiwa, ba tsiro.

"Kakanka bai taɓa yar da ƙwallo ba," in ji ta. "In ya sha mai daɗi, sai ya miƙo min ya ce binne. Duk bishiyoyin nan daga bakinsa suka fito. Ku kuwa kun kashe tsutsa, kun haɗa da ɗan cikin. Wanda ya sha a can, ko ya yi masa daɗi, me zai binne?"

Na ajiye kwandon hannuna. Shekara da shekaru ina sharar lambun nan, ban taɓa jin wannan daga bakinta ba, kuma ya taɓa min zuciya ƙwarai. Yaron ya jima yana jujjuya ƙwallon.

"Ban san amsar wannan ba, Kaka. Na dai san in na koma wayam, gobe a gidanki zan tare. Ci uku a rana."

"Allah Ya kiyaye! Kai da ke lashe tukunya har a ga fuska a ciki?"

"Da matata, da 'yan biyu."

"Kai, wannan ya fi tsutsa ɓarna." Ta ja dogon numfashi, ta dubi mangwaron da ke zube. "Loda. Amma ban da bishiyar bakin rijiya. Ita ce ta fari, ba za ta ga injinku ba."

"Mutanen unguwa fa? Kin dangwala musu."

"Yatsan dama na ba su. Kawo takardarka, na hagu bai yi wa kowa alkawari ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya nufi mota. Ta maƙalo ƙafarsa da sandarta.

"Ina za ka? Zauna."

Ta zaɓo guda cikin na bakin rijiya, jajir, ta goge a zaninta ta miƙa masa. Ya tsuguna yana sha, ruwan na bin gwiwar hannunsa. Ita kuwa ta jawo gwangwanin, ta buɗe rami da yatsa, ta tara hannu tana jira.

"Tsotse shi da kyau, rago. Kakanka tas yake yi masa."