Matsefin Masu Girma

Ina cikin shanya wayata ta yi ƙara. Wata murya mai daɗi ta yi min albishir, wai layin ganin likitan fata ya zo kan ɗiyata, ta zo da sassafe. Na ce, "'Yar nan, wadda kike nema mota ta kaɗe ta, ta rasu tun bara." Sai ta ce, "To Mama, in ba ta zo ba za a cire sunanta." Kun ji masu aiki da tsari.

Gashin ɗiyar tawa wuri guda ya fara zubewa, faɗin murfin kwalba, sumul kamar an lashe. A asibitin unguwa yallaɓai likita bai ko taso daga kujera ba, ya ce makero ne, a riƙa wanka. Yarinyar da sabulu ba ya sati a hannunta. Wata mai farin kaya ta ƙara da cewa, "Irin mutanenku ai da jan kitso." Na duba hoton da suka manna a bango, kawuna ne reras na fararen fata, babu mai kama da namu. Da kalmar makero ta isa kicin ɗin makarantar da take dafa abinci, aka sallame ta, wai kada ta shafa wa yara. Daga baya har gira ta tafi.

Uwar ɗakina da nake yi wa guga, matar wani babba, ta yi irin ciwon sak. Likita har falo. Nata wai garkuwar jiki ce ke yaƙar gashi, ba ƙazanta ba ce, ba a kuma ɗauka. Na ba maƙwabciyata mai gawayi labari, ta ce, "Ke Yaya, ciwo ma sai ya dubi takalminki kafin ya faɗi sunansa."

Kada ku ce masu girma ba su yi komai ba, Allah ya ƙara musu kujeru. Sun yi taron wayar da kai a babban otal, da sanyi da lemo. Aka tara matan da gashinsu ya zube, aka ɗauki hoto, aka raba musu matsefi. Matsefi, jama'a. Ɗiyata ta dawo tana karta shi a kanta tal, tana cewa, "Inna, duba min, tsagar ta miƙe?" Muka yi dariya har muka zauna a ƙasa. Dariyar nan ce ke hana ni barci yanzu.

Ta bar min yarinya, tana firamare. Kwanan baya ina taje ta na ga murfin kwalbar nan a bayan kunnenta. Shi ya sa na roƙi mai murya mai daɗi ta ba jikata gurbin uwarta a layin. Ta ce, "Mama, layi ba a gadonsa." Na ce ciwon dai an gaje shi. Ta ce mu zo mu kama sabon layi.

Mun kama. Kafin ya zo kanmu, kullum da safe nakan zaunar da jikar tawa tsakanin ƙafafuna, in kwantar da gashin gefe in rufe wurin, kada wata malama ta gani ta faɗi kalmar nan. Da matsefin masu girma nake yi. Shi kam ba su hana gadonsa ba.