Jirgin Ruwan da Ya Zama Akurki

Lokacin dokar hana fita a Jimeta, zaman gida ya ishe ni, sai na ɗauko wani tsohon littafi da na saya a gwanjo. Sassan jirgin ruwa irin na da ne a ciki, a yanka a manna. Na ce wa 'yan majalisarmu su shirya ganin abin mamaki.

Ni ba na aiki rabi da rabi. Na yanke sassan kaf, ragowar takardun na ba maiɗakina ta hura gawayi. Sannan na karanta bayani: a manna lamba ɗaya da ta biyu. Na jujjuya sassan, babu lamba. Ashe a gefen takarda lambobin suke, har sun dafa mana shayi.

Haka na yi ta mannawa da ka. Maƙwabcina Bappa Hammadu ya zagaya abin, ya ce, "Madalla. To, ta ina kajin za su shiga?"

Har yau in muka hau gadar Binuwai, maiɗakina sai ta nuna kwalekwale ta ce, "Injiniya, waɗannan ba su iya ba. Nasu yana kama da jirgi."