Yadda Za Ka Hana a Raba Dashen Tumatir Dubu Goma da Ɗaya

Ni dai lissafina a sha biyu sau sha biyu ya tsaya, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Duk da haka shekarata tara ina sakataren ƙungiyar manoman rani a bakin dam ɗin Watari. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci duk dashen da aka aiko a raba wa jama'a, a gonarka zai yi saiwa.

Mataki na ɗaya: Gyara lambar
An aiko da dashe daga birni, dubu goma cif. Kada ka yarda da dubu goma. Lamba ce marar kamun kai: biyu ta raba ta, huɗu ta raba, biyar ta raba, kowa ya zo sai ta bi shi. Tumɓuko ɗaya daga gonarka ka ƙara. Yanzu kana da 10,001, 'yar mutunci.

Mataki na biyu: Gabatar da ita
Rubuta ta da gawayi a bango. Ka ce mara ce, ba cika ba. Ka nuna musu ko daga dama aka karanto ta kamar allo, ko daga hagu kamar boko, ita ce dai. Babu ruwan wannan da tumatir, amma za ka ji dattawa suna kabbara.

Mataki na uku: Gwada ta a gabansu
A raba biyu, saura ɗaya. Uku, saura biyu. Bakwai, saura biyar. Tsaya nan, gaba akwai wahala. Tura hula ƙeya ka ce, "Jama'a, irin wadda masana ke cewa ba ta rabuwa ce. Haka Allah ya yi ta."

Mataki na huɗu: Maganin masu baki
Ba a rasa irin su Ɗanliti mai injin ban ruwa. Zai ce, "Sakatare, a cire ɗaya mana a ba akuya!" Tambaye shi, "Akuyar wa? Taka?" Daga nan gardamar awaki za ta kai su la'asar.

Mataki na biyar: Ɗauki amana
Dashe ba ya jiran masana. Ɓata fuska ka ce za ka dasa shi a gonarka don Allah, kafin a gama bincike.

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, ba ni na aike ka ba. Balle in akwai irin su Inna Kaltume, wadda ta yi mako da gyara gonarta tana jira. Ranar namu taron, waya ta ciro daga bakin zane.

"Kai Balarabe, mu nawa ne a littafin naka?"

Na duba. Mu saba'in da uku ne. Ta latsa, ta ɗaga wa jama'a: kowa ɗari da talatin da bakwai, babu saura. Dubu goman da aka aiko ce ba ta rabuwa gida saba'in da uku.