Ranar da Na Liƙe Ƙofar Gidan Yaya

Duk unguwarmu babu wanda ya kai ni sanin ilimi ciki da waje. Na shiga jami'a, na leƙa, na fito kafin jarrabawa ta raina ni. Na shiga makarantar koyon sana'a, sashen walda, nan ma na fito da mutuncina. Mahassada na kirana Saura-Ƙiris. Ni dai Injiniya nake amsawa.

A gidan yayata nake zaune, ɗakin bakin ƙofa, ba haya, ba cefane. Mijinta malamin makaranta ne, mai ƙaramar murya da dogon riƙo. Ya daɗe yana yi wa ɗakin nan nawa kallon haƙori mai ciwo.

Sai 'yarsu Auta ta gama sakandare, gida ya rabu biyu. Malam ya ce jami'a, ko da za a sayar da katifa. Yaya ta ce sana'a, yarinya ta fito da abin yi a hannu, ba kwalin ratayewa a bango ba. Nan na hango arzikina. Wa ya ɗanɗana duka biyun in ba ni ba? Muddin rigimar nan na raye, ɗakina na nan daram.

In na shiga kicin sai in ce, "Yaya, digiri ai ado ne. Ɗan ƙaro nama."

In na fito falo sai in ce, "Malam, sana'a ai baƙin farce ce da ciwon baya. Da sauran shayi?"

Har kumatu na fara ajiyewa. Auta ce ta tona ni, 'yar nema, muna tsakiyar cin abinci.

"Kawu, jiya ka ce wa Mama sana'a, ka ce wa Baba jami'a. Ni wanne zan ɗauka?"

Malam ya zare tabarau a hankali. "To, Injiniya. Ga ƙofar gida can tana lilo, ƙarfen da ke riƙe da ita ya ɓalle. Gyara mana. In sana'ar ce ta yi, mu gani. In jami'ar ce, mu gani. In babu ko ɗaya, ɗakin nan naka zai yi kyau da teburin karatu."

"Wannan ai aikin kafin karin kumallo ne," na ce.

Da safe na aro injin walda. Na manta da gilashin kare ido, kuma girmana ya wuce in koma. Sai na fito da dabara: in tartsatsi ya tashi, in runtse ido in ci gaba, hannu ai ya san hanya. Hannu kuwa ya yi tafiya. Ya hau, ya gangaro, ya zaga. Da na buɗe ido, ƙofa ta daina lilo. Ta kuma daina buɗewa. Na ɗinke ta da ƙarfen jikin bango tun daga sama har ƙasa, mu duka muna ciki.

Malam ya fito da jakarsa zai tafi aiki. Ya tura, ya ja, ya dube ni.

"Buɗe."

"Ai ƙarfinta ke nan, Malam. Ɓarawo sai dai ya yi kuka."

"Ka yanke ta mana, sarkin shirme," in ji Yaya.

Abin da ban faɗa musu ba, a makon da aka koyar da haɗawa na bar makarantar. Ba a kai ga yankewa ba.

Sai na jawo jami'a. Na gyara murya na ce, "A kimiyyance, zafi ke kumbura ƙarfe. In ya ji sanyi zai tsuke ya saki." Na sheƙa bokitin ruwa. Ruwa ya bi waya ya sami inji. Wani abu ya ce tas, wutar gidan ta ɗauke, firjin Yaya ya yi atishawa ya yi shiru har yau.

"Wannan kuma digirin ne?" in ji Auta.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, bari in haura in kira mai yanka. Na kama ƙofa na hau kamar matashi. Na ɗaga ƙafa ɗaya na ƙetara, tsinin ƙarfen sama ya cafke wandona ta baya. Na tsaya a rataye, rabina a titi, rabina a gida, masu wucewa suna min sannu da aiki.

Daga can sama na ji abin da aka daɗe ba a ji ba: Malam da Yaya suna magana cikin ruwan sanyi.

"Maman Auta, ta shiga duk wadda take so."

"Haka ne, Malam. In ta fara, ta dai gama."

"Ta dai gama," ya maimaita, kuma na ji idonsa a bayana.

Auta ta matso ƙarƙashina ta ɗaga kai. "Kawu, walda zan yi, gidan nan na bukatar mai buɗe ƙofa. Baba kuma ya ce tunda ka riga ka kai rabin hanyar fita, wannan karon ka daure ka ƙarasa."

Kafin in ba ta amsa wando ya yage, na faɗo ta waje. Daga ciki na ji Yaya tana cewa, "Alhamdulillahi, yau dai ya kammala wani abu."