Yadda Za Ka Riƙe Mawaƙan Japan Ba Tare da Ka Ji Japananci Ba

Ɗan'uwa, gyara zama, kakarka ta yanke saƙa. Akwai wani wasan waya da mutanen Japan suka ƙera, wanda a cikinsa kai ne manajan wasu 'yan mata mawaƙa, zanannu masu idanu kamar fitilar mota. Kai za ka sa su atisaye, ka ba su hutu, ka fitar da su dandali. Komai na cikinsa da Japananci yake, daga gaisuwa har ƙorafi. Kada wannan ya ɗaga maka hankali. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na lamunce maka za ka ƙware ba tare da ka san harafi ɗaya ba. Ni na horar da maƙwabcina Bakanike, wanda garejinsa ke jikin shagona, kuma har yau ana maganar abin da ya yi.

Mataki na 1: Cika baki tun kafin a gama tambayarka

'Yar Bakanike za ta koma makarantar kwana, inda ba a shiga da waya. Ta daɗe tana rainon wata mawaƙiya a wasan, 'yar gajeriya mai jan zare a gashi, wadda ta sa wa suna Auta. Ta same ta ko baki ba ta iya buɗewa don kunya, ta yi ta lallaɓa ta har ta fara leƙo sahun gaba. Ranar tafiya yarinyar ta tsaya a bakin gareji da jakarta, tana jujjuya wayar.

"Baba, anya za ka iya? Rubutun duk nasu ne."

"Motocin wa nake kwancewa tun kafin a haife ki?" in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Wanda ya san cikin injin mutum, harshensa ne zai gagare shi?"

"To ka kula mini da Auta. Sauran ko sun lalace ba komai."

Ta kuwa yarda, domin tun tana ƙarama duk abin da ta tambaya Baba ya sani, daga dalilin da wata ke bin mota har inda tururuwa ke kwana. Haka ake so. Uba ba ya cewa "ban sani ba". Wanda ya faɗa sau ɗaya, gobe waya za a riƙa tambaya, shi kuma a bar shi da sayen caja.

Mataki na 2: Bar rubutu, karanta fuska

Nisanta wayar kaɗan, ka tsuke baki, ka riƙa gyaɗa kai. In akwai mutane kusa, ka ɗan yi dariya jefi-jefi, a ɗauka yarinyar ta yi maka barkwanci. Wani direban tasi da ke jiran a ɗaura masa birki ya taɓa leƙowa.

"Maigida, me take cewa?"

"Gaisuwa take yi."

"Duk wannan dogon rubutun?"

"Su mutane ne masu ladabi."

Direban ya koma benci ya zauna. Ilimi, ɗan'uwa, rabinsa saurin ba da amsa ne.

Mataki na 3: Zaɓi na tsakiya

Wani lokaci mawaƙiyar za ta juyo ta yi maka tambaya, amsoshi su jeru. Danna ta tsakiya, ai ko a mota na tsakiya ba ya faɗowa. In ta yi murmushi taurari suka tashi, ƙwarewarka ce. In ta juya maka ƙeya baƙin gajimare ya taru a kanta, ka girgiza kai ka ce yaran zamani ba su san mai sonsu ba.

Mataki na 4: Kada ka tambayi kowa

A saman hoton Auta akwai wani koren layi da ke raguwa in ta yi atisaye. Bakanike ya gane ma'aunin mai ne. Sai dai shi a iliminsa mota ba ta fara tafiyar gaske sai allura ta kwanta a ja, don haka bai taɓa ba ta hutu ba. Auta ta fara fitowa da filasta a gwiwa, idanunta sun faɗa.

Abin ya dame shi fiye da yadda ya nuna. Mutumin da ya karɓi wayar don kada a ce ya kasa, sai ga shi a ƙarƙashin mota da sifana a hannu ɗaya, yana ce wa zane, "Daure, 'yar nan, saura kaɗan." Matarsa ta kawo masa abinci ta tarar da su a haka.

"Baban yara, ranar ziyara ta kusa. Ka tafi da wayar mana ta nuna maka."

"Ni zan je gaban 'yar cikina in ce koya mini?"

Ka ji namiji. Tambaya rabin ilimi ce, haka ne, amma wa ya ce maka rabi muke nema?

Mataki na 5: Duk inda ka ga fure, danna

Wata rana da hantsi ya shigo shagona da wayar. Wani sabon shafi ya buɗe, da hoton Auta da maɓalli biyu, ɗaya toka-toka, ɗaya zagaye da furanni. Na ce masa tun da nake ban taɓa jin wanda fure ya cutar ba. Ya danna. Jan rubutu ya fito. Ya sake dannawa, wani jan rubutun ya sake fitowa, ya fi na farko girma. Na bayyana masa cewa in wasa ya maimaita maka tambaya, girmama ka yake yi.

Sai dandali ya haskaka. Auta ta fito cikin farar riga, ita kaɗai a gaba, ta rera waƙa tun daga farko har ƙarshe. Sauran 'yan matan suka rungume ta suna kuka, aka cika mata hannu da furanni, ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba. Bakanike ya zagaya gareji yana nuna wa kowa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙurar birki ce.

Washegari ya buɗe wayar, babu Auta a sahu. Ashe a al'adar mawaƙan wasan, in ɗaya za ta bar ƙungiya bari na har abada, biki ake yi mata kamar na yaye ɗalibai. Ya kashe wayar ya kunna, ya cire mata murfi ya hura, ya bubbuga ta a tafin hannu yadda yake yi wa kafireto. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mataki na 6: Ɗora wa wani laifin

Ga sabis, ga batir, ga mutanen Japan da ba sa nan balle su kare kansu. Zaɓi ɗaya ka riƙe shi gam.

Da aka yi hutu, yarinyar ko gida ba ta fara zuwa ba, gareji ta sauka. Ta karɓi wayar ta duba sahu, ta sake dubawa.

"Baba, ina Auta?"

"Kin san sabis ɗin nan..."

Ta buɗe wajen hotuna. Ga farar riga, ga furanni. Ba ta yi kuka ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Sallamarta ka yi. Wayar ba ta tambaye ka ba?"

"Ta tambaya."

"Me ta ce?"

Ina daga bakin shagona ina yi masa alama da hannu, batir, batir. Ya dubi tsumman hannunsa kamar amsar na ciki.

"Ban sani ba," in ji shi.

"Ni ma ban iya karantawa ba, Baba. In na ga jan rubutu baya nake komawa. Da ka faɗa mini da na nuna maka." Ta sake kallon hoton. "Ta tsaya a gaba?"

"Ita kaɗai. Muryarta ko rawa ba ta yi ba."

"Abin da nake ta jira in gani ke nan."

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. Ban danna komai ba, yatsa na mai shi ne, shawara kuwa kyauta na bayar. Wanda ya rasa mawaƙiya, ko kwarjini, ko barci, kada ya nufo shagona. Shi kansa Bakanike na cire shi daga cikin ɗalibaina, tunda ya karya mataki na farko da bakinsa. Duk hutun nan suna kan benci shi da 'yarsa suna rainon wata sabuwar mai kunya, ina jin sa ta bango yana cewa, "Wannan fa, me ake dannawa?" Ba koyarwata ba ce. Kuma kada wani ya tambaye ni dalilin da ya sa ranar komawa makaranta ta rungume shi a bakin gareji, sannan ta wuce ta miƙa wa uwarta wayar.