Ranar Da Na Gyara Wa 'Yan Yukiren Zoɓo

Maƙwabciyata a unguwar Rusaifa, Hajiya Zarema, ita ke shugabantar wata 'yar ƙungiya ta Musulmin Yukiren mazauna Makka. Da azumi suka shirya buɗa-baki ga iyalan da yaƙi ya raba da gida. Na ɗaura zani na ce sai na taimaka, ko da an ce na zauna.

Ina shiga kicin na tarar da ƙatuwar tukunya cike da jan ruwa yana hucewa. Na ce ashe su ma sun san zoɓo! Na ɗan taɓa a harshe na tofar, ga tsami ga gishiri. Tausayinsu ya kama ni. Ni da na tashi ina sayar da zoɓo a unguwar Nakkasa, ai ba za a kunyata baƙi ina tsaye ba. Na zuba sukari, na daka citta da kanumfari, na cika tukunyar da ƙanƙara.

Hajiya Zarema ta shigo da tiren nama da kabeji, ta tsaya cak.

"Ya ukhti, ina romon miyata?"

Ashe miyar ƙasarsu ce, wadda baƙin suka daɗe suna marmari. Wani dattijo cikinsu ya kurɓa, ya ce lallai yaƙi ya canza komai.

Har yau in ƙungiyar za ta yi girki, sai Hajiya Zarema ta leƙo ta taga: "Malamar zoɓo, mun ɓoye sukarin, bismillah shigo!"